Yatsa ne ko wasan ne? Abin da saiti ya koya mini

A shekarar da nake koyon haɗa wasannin kwamfuta, aikinmu na ƙarshen zango shi ne kowa ya gina ƙaramin wasan harbi, irin wanda kake ganin komai ta idon mai riƙe da bindiga. Nawa ɗaki ɗaya ne, da akwatuna, da mutum-mutumi biyar masu kai da komo. Da linzamin kwamfuta nake gwada shi tun farko, kuma da wuya in ɓarar da harsashi. Ana saura kwana huɗu a miƙa aiki, malaminmu ya ce dole wasan ya yi aiki da hannun wasa ma, wato abin riƙewar nan mai maɓallai da ƙananan sanduna biyu da ake karkatawa da manyan yatsu. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na ɗauki lambar da sandar dama ke bayarwa, na haɗa ta kai tsaye da juyawar kyamara, na je na yi barcina.

Washegari na miƙa wa wani abokin karatuna hannun, mutumin da ya yi shekaru yana buga Call of Duty. Ya zazzage harsashi talatin, biyu kacal suka samu. Alamar saitin ta wuce mutum-mutumin ta dama, ya dawo da ita ta wuce ta hagu, sai ka ce lilo. Ya ajiye hannun ya ce, "Mutumina, wasan nan naka ba shi da lafiya." Na ce yatsansa ne ba shi da lafiya. Na karɓa don in nuna masa, nawa ya fi nasa muni.

A daren nan na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Linzami wuri yake faɗa wa kwamfuta: ka matsar da shi kaɗan, alamar ta matsa daidai gwargwado, ka tsaya ta tsaya. Sanda kuwa gudu take faɗa. Ka karkata ta kaɗan, kyamara na juyawa a hankali. Ka kai ta ƙarshe, tana juyawa da ƙarfi, kuma ba ta dainawa sai ka saki. Wato mai sanda tuƙi yake yi, dole ya ƙiyasta lokacin da zai taka birki kafin ya iso. Ga shi duk aikin a kan babban yatsa ɗaya yake, cikin filin da bai fi faɗin farce ba, alhali mai linzami yana da wuyan hannu da damtse da tebur guda.

Masu haɗa wasanni sun daɗe da sanin haka. A GoldenEye 007 na 1997, a kan Nintendo 64 mai sanda ɗaya, kana ganin bindigar na karkata da kanta zuwa ga abokin gaba. Halo na kamfanin Bungie, da ya fito a kan Xbox a 2001, shi ne ya iya ɓoye taimakon har mai wasa ya ɗauka ƙwarewarsa ce. Tallafin saiti iri-iri ne. Akwai wanda ke rage saurin juyawa da zarar alamar ta hau kan abokin gaba. Akwai wanda ke ɗan jan kyamara ta bi shi idan yana motsi. Akwai kuma wanda ba ya taɓa kyamarar sam, harsashin yake lanƙwasawa ya samu mutumin da ka kuskure da kaɗan.

Na fara da na farko, kuma na cika masa gishiri. Abokina ya ce ji yake kamar an shafa wa mutum-mutumin danƙo: idan alamar ta hau kan ɗaya, fizge ta zuwa na biyu sai an yi kokawa. Da na ƙara na jan kyamara sai wata sabuwa ta ɓullo. Kana saitin wani can nesa, wani ya gifta ta gabanka, sai ya tafi da alamar. Na yi ta rage lambobin har sai da ya daina jin akwai wani abu a wurin, amma harsashinsa na samu.

Inda na fi shan wuya shi ne matacciyar da'irar tsakiyar sanda, ɗan filin da wasa ke yin biris da duk motsin da ke cikinsa. Na mayar da ita sifili don ina ganin hakan zai ƙara daidaito, sai kyamara ta fara rarrafe da kanta ba wanda ya taɓa ta. Dalili kuwa, yawancin sandunan nan da gogayya suke auna motsi, kuma idan suka tsufa ba sa komawa tsakiya cif. (Masu aiki da maganaɗisu ba su cika wannan ciwon ba, kuma ba sabon abu ba ne, hannun na'urar wasa ta Dreamcast ta 1998 ma haka yake.) Da na mayar da ita, sai na yi wani kuskuren: na lissafa hagu da dama daban, sama da ƙasa daban. Sakamakon haka duk saitin da ya ɗan karkace sai ya miƙe, bin mutumin da ke hawa matakala ya gagara. Gyaran layi biyu ne, a auna nisan sandar daga tsakiya gaba ɗaya. Sai kuma na ninka lambar da kanta, don ƙaramin motsi ya ba da juyi kaɗan ƙwarai, babban motsi ya ba da cikakken gudu.

Wannan aiki ya ɓata mini wani alfahari. Na koma wasan da nake bugawa kullum na kashe tallafin, na ga ashe rabin gwanintar da nake taƙama da ita aro ce. Na kuma lura ƙwararru ba sa wahalar da sandar dama. Da ta hagu suke gyara saiti, su matsa gefe har alamar ta hau kan mutum, kuma a wasanni irin su Call of Duty wannan motsin ne ke tayar da tallafin jan kyamara. Ni kuwa shekara da shekaru ina fizgar sandar dama, ina faɗa da abin da aka sa don ya taimake ni.

Tun da aka fara haɗa masu linzami da masu hannu a fili ɗaya, kamar yadda Modern Warfare na 2019 ya yi, gardamar ba ta mutu ba. A ganina masu linzami suna da gaskiya a faɗan kusa. Idan abokin gaba ya sauya hanya, ɗan Adam na buƙatar kusan kwatan sakan kafin ya mayar da martani, tallafin kuwa nan take yake bi. A wasan Apex Legends, a da ƙarfin tallafin 0.6 ne a na'urorin wasa, 0.4 a kwamfuta, sai a 2024 Respawn, kamfanin da ya yi wasan, suka rage na kwamfuta zuwa 0.3. Amma masu cewa a cire shi ɗungurungum, ina so in ba su wasana na ranar farko su buga minti biyar.

Ranar miƙa aiki abokina ya sake karɓar hannun. Harsashi talatin, ashirin da biyu suka samu. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Ka gani ko? Yau hannuna ya dawo." Na ce masa ƙwarai kuwa.