Na je Bauchi sayo batir, na dawo da labarin zobo

Ranar Asabar bayan asuba na shiga mota daga Gombe, niyyata in sayo batira biyu na wani aikin sola da na karɓa, in kuma leƙa ɗan yayata da ke digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. A Alkaleri direba ya tsaya, wani yaro mai gyaɗa ya zuro rabin jikinsa cikin mota yana neman canji har muka fara tafiya kafin ya dira. Muka haye gadar Dindima, wajen ƙarfe goma muna Bauchi, na ci masa a Wunti na hau keke zuwa Yelwa.

Ina shiga ɗakinsa na ga kofi cike da zobo mai kauri, ya ce Kawu wannan ba na sha ba ne, na aiki ne. Ya ɗauko gilashi biyu ƙanana kamar kwalin ashana, ɗaya ya shafa masa farin garin titaniyom ya gasa ya jiƙa a zobon har ya rine, ɗayan kuma ya kara shi a kan kyandir ya yi baƙi, ya ɗiga ruwan aidin a tsakani ya matse da kilif muka fita rana. Mitata na ciro da hannuna na ɗora, ta nuna bolt 0.4. Wallahi sai da na sake aunawa, shekara nawa ina hawa rufin mutane ina kafa fanel ban taɓa zaton abin da ake sayarwa a leda a bakin makaranta zai ba da wuta ba.

Ya ce tun 1991 wasu masana biyu, Grätzel da O'Regan, suka fito da irin wannan sel ɗin sola mai aiki da rini. Rinin zobon manne yake a jikin garin, haske na bugunsa sai ya miƙa wa garin ilektiron ɗaya, wato ɗan ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, kuma a rinin da aka fi bincika miƙawar ba ta kai femtosakan 100 ba. Na ce meye kuma femtosakan, ya ce ka raba sakan ɗaya gida miliyan, kowane gida ka sake raba shi gida biliyan. Haske da ke cin kilomita 300,000 a sakan, a wannan ɗan lokacin bai gama tsallake kaurin gashi ɗaya ba.

Nan na tsaya, don ni mutumin mita ne, abin da ba a auna ba ba na yarda da shi. Na ce da wane agogo? Ya ce hanya ta farko leza ce, a harba walƙiya ɗaya ta tayar da ilektiron, a bi ta da ta biyu ta duba launin hasken da rinin ke shanyewa, a riƙa matsar da madubi kaɗan-kaɗan don ta biyun ta makara, a haɗa sakamakon kamar hotunan bidiyo. Irin wannan aikin ne ya ba Ahmed Zewail ɗan Masar kyautar Nobel a 1999.

Hanya ta biyun ce ta fi kama ni. Ana haska hasken eksire a fizge ilektiron daga can cikin ƙwayar zarra a ɗaga shi sama, ramin da ya bari an riga an san 'yan femtosakan yake yi kafin ya cike, to wannan shi ne agogon. Idan ramin ya cike ilektiron ɗin na nan alamar da na'ura ke gani daban, idan ya riga ya tsallaka cikin abin da zarrar ke manne a kai alamar daban, sai a kwatanta yawansu. Take na tuna yaron Alkaleri, in ka san minti nawa mota ke tsayawa, ka ƙirga sau nawa ya sauka kafin ta tashi sau nawa ta ja da shi, ai ka san saurinsa ba ka duba agogo ba. Ya ce haka ne Kawu, da wannan dabarar a 2005 aka auna saurin tsallakar ilektiron daga farar wuta zuwa ƙarfen rutiniyom aka samu atosakan 320, kuma atosakan dubu ne femtosakan ɗaya.

Sai dai aikin na bukatar wata ƙatuwar na'ura mai zagaye da ake kira sinkirotiron, kuma duk Afirka babu ko ɗaya, akwai wadda ake kira SESAME a Jodan da aka buɗe a 2017. Abin ya tsaya min a rai sosai, ga zobo a gonakinmu, ga rana har ta yi yawa, ga yaro mai kai, amma in yana son ganin abin da ke faruwa a gilashin da ke hannunsa sai ya nemi biza.

La'asar ta yi ban sayi batir ba, a guje na je kasuwa na samu ɗaya kawai. Ya naɗe min gilashin a takarda ya ce ba zai daɗe ba, aidin ɗin zai bushe launin ya koɗe. A hanyar dawowa muna wuce Dindima na ciro shi na kara a taga na ɗora mita, rana ta yi ƙasa amma mitar tana motsi, wani dattijo da ke gefena ya tambaye ni ko maganin ido ne, na fara ba shi labari tun daga kofin zobo.