Na raka Kawu ziyara Katsina

Shekaranjiya da daddare muka dawo, har yanzu ƙurar Katsina ba ta gama fita daga hulata ba. Ba don kaina na je ba. Ƙafa ce ta fara damun Kawu, Inna ta ce in raka shi ziyarar da yake kaiwa zawiyar shehinsa duk shekara, in riƙe masa jaka. Ni ba ɗan ɗarika ba ne, ba kuma ɗan Izala ba, irinmu ake ce wa 'yan ba-ruwanmu.

Daga tashar Ƙofar Ruwa muka hau mota, Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Caranci, rabin hanyar barci na yi. Masaukinmu gidan wani tsohon tela ne wajen Ƙofar Marusa, aminin Kawu, rana ɗaya suka karɓi wuridi a hannun Shehi tun suna samari. Da ya ga ledar biredi a hannuna sai ya ɓata rai: "Mi za a yi da wanga? An ce maka babu tuwo gidan nan?" Ɗakinsa ya bar mana, shi ya koma zaure kusa da keken ɗinki. A Kano baƙo na kwana ɗaya ake fara tambayarsa yaushe zai koma, nan kuwa kwana uku muka yi ba a bar ni na sayi ko ruwan leda ba. Kirarin nan na Katsinawa, kunya gare ku ba dai tsoro ba, na ga rabinsa na farko da idona.

Da safe na ga Baba Tela bai sa rigar fita ba. Ya ce mu gaishe su, shi yana da ɗinki. Kawu bai ce uffan ba.

Tun ina yaro Kawu ke ba mu labarin zauren Shehi: buzu a ƙasa, butar alwala, kowa ya zo ya durƙusa a tambaye shi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Shehi ya rasu shekarun baya, babban ɗansa ne halifa. Abin da na tarar ƙofar ƙarfe ce mai tsayi, da manyan motoci masu baƙin gilashi, da wani matashin hadimi mai waya biyu a hannu. Ya dubi takalmin Kawu kafin ya dubi fuskarsa. "Baba, an san da zuwanka?" Kawu ya ce shekara talatin da wani abu yana zuwa gidan nan. Yaron ya ce Halifa na tare da manyan baƙi, mu samu wuri. Hadiyyar da Kawu ya daɗe yana tarawa daga ɗan shagonsa na Kurmi, kuɗi a ambulan da kwalbar turare, sai ya karɓa, ya latsa ambulan ɗin da yatsa yana auna kaurinsa, ya jefa cikin wani buhu. Jinina ya tafasa. Kawu ya danne min gwiwa da hannu.

Tun hantsi muke zaune har aka yi la'asar. Na kashe lokaci wajen masu kasa kaya a bakin titi: hotunan Shehu Ibrahim Inyass, sitika, turare, carbi. Wani ya ce min carbi dubu biyar, wai daga Kaulaha ta Senegal, garin Shehu Inyass, ya zo. Na ce ai ni ɗan Kurmi ne, na san kwalin da ake ciro shi. Ya yi dariya ya sallama dubu biyu, kuma ko a hakan ya ci riba. Can aka buɗe ƙofa, motar Halifa ta fito, ya sauke gilashi kaɗan ya ɗaga hannu. Mutane suka ruga suna shafar motar. Kawu da ciwon ƙafarsa ya kai gare ta, ya dawo yana shafa fuska yana hamdala, kamar wanda aka ba kujerar Makka.

Amma in faɗi gaskiya, da aka yi magariba aka shimfiɗa farin ƙyalle aka zauna wazifa, istigfari, Salatul Fatihi ƙafa 50, sannan hailala ta tashi daga bakin ɗaruruwan mutane lokaci guda, tsigar jikina sai da ta tashi. Wani dattijo kusa da ni hawaye har gemu. Fushin da na wuni da shi ban san inda ya shiga ba.

Da daddare kan tuwon dawa miyar kuka magana ta fito. Shekara ashirin Baba Tela na yi wa gidan Shehi ɗinki bai taɓa karɓar ko sisi ba. Da matarsa ta kwanta ciwo bayan rasuwar Shehi, ya je neman addu'a, ba kuɗi ba, sau uku ana ce masa ya dawo gobe. Ta rasu, ko yaro ba a aiko ta'aziyya ba. Daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba. Babban ɗan Baba Tela ya koma Izala, kullum yana ce masa dama an faɗa maka, shi kuma wannan ya fi ƙona masa rai, don a ganinsa yaron bai san wane ne Shehi ba.

Kawu ya ce, "Malam, ka manta abin da aka karantar da mu? Muridi a hannun shehinsa kamar gawa ne a hannun mai wanka."

"Mai wankan ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya gaje shi sabulun yaka saidawa."

"Jininsa ne fa. Da wane ido zan dubi Shehi gobe in na juya wa ɗansa baya?"

Na zaci za a tashi baram-baram. Sai Baba Tela ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da tsohuwar jabba fara da ta soma ja, wadda Shehi ya ba shi ya riƙa ɗaukar awo. Suka riƙe ta su biyu, ba wanda ya ƙara magana. Da asuba na farka na same su kan tabarma ɗaya, kowa da carbinsa, suna lazimi.

Ranar ƙarshe muka leƙa Hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, muka yi wa Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, addu'a. Ta Daura muka biyo don in ga rijiyar Kusugu. Na sha ruwan, aka ba mu labarin Bayajida da macijiya, muka kama hanyar Kazaure.

Muna dab da shiga Kano Kawu ya laluba aljihu ya miƙo min wata 'yar takarda. Lambar hadimin nan ce, ashe ya roƙa an rubuta masa. Ya ce in sa a wayata, baɗi in Allah ya kai mu sai mu kira tun da wuri.