Yumɓun da bai ga wuta ba, da abin da fentinsa ya koya mini

Yumɓun da ke bushewa da iska yana saurin yaudarar mai koyo. Ka murza shi, ka fitar da ɗan faranti ko ɗan kunne, ka ajiye, bayan kwana biyu ka ƙwanƙwasa ka ji tauri. Sai ka ɗauka ya zama irin wanda aka gasa. Ai kuwa da sauransa. Yumɓun da ya shiga murhu yana shan zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, ya rikiɗe ya zama abin da ruwa ba ya narkarwa. Wannan kuwa ruwan jikinsa ne kawai ya fita, gam da zaruruwan da aka cuɗa a ciki suka riƙe shi. Ranar da ruwa ya dawo, ranar zai fara laushi. Duk abin da na koya a kan fenti da adon wannan yumɓu, in na bi sawunsa, a kan ruwa yake tsayawa: wanda ke fita daga ciki, wanda ke cikin fentin, da wanda zai zo daga waje.

Na ciki ya fi wuyar sha'ani domin ido ba ya ganinsa. Abu mai kaurin da bai wuce santimita 1 ba yakan ɗauki awa 24 zuwa 72, ya danganta da danshin ɗakin, mai kauri kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Na daina dogara da agogo. Ina ɗora abin a bayan hannuna ko a kumatu. In na ji sanyi-sanyi, to da sauran danshi a ciki. Ina kuma kifa shi in duba gindinsa, don nan ne yake yin duhu-duhu a tsakiya bayan gefuna sun yi haske. Wanda ya yi gaggawa ya shafa fenti a wannan hali ya rufe wa danshin hanyar fita, sai fentin ya yi ƙuraje, ko funfuna ta tsiro a ƙarƙashi. Sa shi cikin tsananin rana ko kusa da wuta ma ba mafita ba ce. Bayansa zai tsuke kafin cikinsa, ya tsage ko ya lanƙwashe. Inuwa, iska, da juya shi lokaci-lokaci, su ke nan.

Bayan ya bushe sai samfefa. Fenti ba ya rufa wa kowa asiri: shatin yatsa da ba ka gani a kan farin yumɓu, da ka shafa shuɗi mai sheƙi zai fito ɓaro-ɓaro. Nakan fara da samfefa mai lamba 220 in ƙarasa da mai lamba 400 da ta fi ta laushi, da takunkumi a fuska saboda ƙurar ba abar shaƙa ba ce. Tsaguwa kuma ana cike ta da ɗan yumɓun da aka dama ya yi kauri, a bari ya bushe, a sake gogewa.

Da farko ban ga amfanin jeso ba, wato farin shafin nan da ake yi kafin fenti, wanda aka haɗa da garin alli da farin launi da gam na akirilik, irin na roba. Gwaji ne ya sauya mini ra'ayi. Ɗauki gutsure biyu, ɗaya tsirara, ɗaya an yi masa jeso sau biyu sirara-sirara. Ja buroshi da jan fenti a kan na farkon: kafin ka kai ƙarshen layin yumɓun ya tsotse ruwan, buroshin ya fara ja da ƙyar, launin ya dushe ya yi dabbare-dabbare. A kan na biyun kuwa buroshin zamewa yake yi, jan ya zauna a sama da hasken da ya fito da shi daga kwalba. Wanda ba shi da jeso yana iya shafa farin fentin akirilik tukuna, ko da yake bai kai shi kama fenti ba.

Akirilik shi ne fentin da ya fi dacewa da wannan aiki. Irinsa da ake sirkawa da ruwa ya shiga kasuwa ne a shekarun 1950, kuma sirrinsa ƙananan ƙwayoyin roba ne da ke yawo cikin ruwa. Ruwan na tafiya sai su haɗe su zama fata siririya. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Launin yana ƙara duhu in ya bushe, domin gam ɗin fari-fari ne yana ɗanye, sai ya washe daga baya, saboda haka nakan haɗa launi ya ɗan fi wanda nake so haske. Sannan in ka cika masa ruwa, musamman a kan yumɓun da ba a yi wa jeso ba, sai saman ya jiƙe, ka ga bakin buroshinka ya ɗauko farin taɓo yana gauraya shi da launin. Shafi siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, ya fi shafi guda mai kauri, wanda ke barin sawun buroshi.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne adon da ake yi tun yumɓun yana ɗanye. A ganina nan ne wannan yumɓu ya fi kyau, kuma nan ne masu koyo suka fi yin sakaci, suna jiran fenti ya yi musu komai. Ɗauki ganye mai jijiyoyi, ka kifa bayansa a kan yumɓun da ka shimfiɗa, ka bi da abin murji sau ɗaya, ka ɗaga a hankali. Ko leshi, ko tsinke, ko bakin murfin alƙalami. Bayan yumɓun ya bushe ya sha jeso, sai ka sirka launi mai duhu, ka shafe shi duka har cikin ramukan, ka yi maza ka goge saman da tsumma kafin ya kama. Duhun zai maƙale a cikin jijiyoyin kaɗai. Daga nan ka taɓa launi mai haske da buroshi mai tauri, ka goge shi a takarda har sai ka ga kamar babu komai a jikinsa, ka riƙa shafar saman sama-sama. Tudun ne kawai zai ɗauki hasken. Jijiyar da ba ta kai kaurin zare ba sai ta fito, har ka kai yatsa ka taɓa don ka tabbatar.

Sauran dabarun ba su da wani tsawo. Ɗigo-ɗigo da gindin buroshi ake yi, miƙaƙƙen layi da tef ɗin takarda, a cire shi kafin fentin ya gama bushewa. Ruwan zinariya a bakin faranti yana da kyau, amma kaɗan. In ya yi yawa sai abin ya koma kamar na roba. (Ni dai ban cika son a lulluɓe komai da fenti ba. Barin wani sashe da launin yumɓun yana nuna wa mai kallo da me aka yi abin.) Yankakkun da suka rage kuwa ba na zubarwa, ina busar da su don gwaji, tunda wasu alƙaluman zane suna zuba in banish, wato shafin kariya da ake yi a kan fenti daga ƙarshe, ya hau kansu, kuma gara a gano haka a kan gutsure.

Banish ɗin shi ne katanga tsakanin abin da ruwan waje. Nakan bar fenti ya kwana, sannan in shafa siriri sau biyu ko uku, mai sheƙi ko marar sheƙi. In fentin ruwa aka yi amfani da shi, irin wanda ruwa ke sake narkarwa bayan ya bushe, ba akirilik ba, banish na feshi ya kamata a fara sawa, don buroshi zai kwashe zanen. Kuma a bi ko'ina: gindi, gefe, har cikin hudar da za a zura zare, domin ta wurin da aka manta danshi ke shiga. Duk da haka banish jinkirta ruwa yake yi, ba hana shi ba. Ba a cin abinci ko shan ruwa a irin wannan kaya, ba a wanke su, ba a barin su a waje. Masu son tulun furanni su ne suka fi yi mini gardama a kan wannan, sai in nuna musu yadda nake yi: in gina yumɓun da faɗin da ƙaramar kwalba za ta shige ciki bayan ya tsuke, ruwan ya zauna a kwalbar, in za a canza shi a zaro ta.