Kifin da ke cikin rami

Talata, Daura.

Babu wuta tun hantsi. Niƙa, kasuwa, wanki rabi. Abban Ummi ya bugo daga Katsina, ya ce sai gobe.

Bayan isha'i ina ninke wa Hajiya kaya a bakin gadonta, Khalil ya shigo da tsohuwar wayar babansa, wai lallai sai ta ga wani abu. Bidiyon ƙarƙashin teku ne, duhu ƙirin sai fitilar masu ɗauka. Ga wani dogon kai ya leƙo daga kogon dutse, baki a hangame, haƙora cako-cako kamar allurai. Hajiya ta ja baya.

"A'uzubillahi! Kai Khalil, macijin Kusugu ka kawo mini da daren nan?"

"Hajiya, kifi ne fa."

"Kifi a gidan wa? Ina ɓawonsa? Ina fiffikensa?"

Na sa baki, don tun makon jiya yaron nan ya sa na karanta labarinsa. Na ce mata morei ake ce masa, kuma iri-irinsa sun kai wajen 200. Ba shi da ɓawo, kamar dai tarwaɗa, sai yauƙi mai kauri da ke kare fatarsa daga kaifin duwatsu. Fiffiken gefe ma babu, sai guda ɗaya dogo da ya bi gadon bayansa har wutsiya. Da na ce ta tuna gaiwa sai ta gyaɗa kai, wannan ta san ta tun tana yarinya. Na ce to shi na ruwan gishiri ne, yawancinsu a teku mai ɗumi suke tsakanin duwatsun murjani, wasu kuma can ƙasa, zurfin ɗaruruwan mita, inda hasken rana ba ya isa sosai.

Khalil ya matsu ya faɗi nasa: wai yana da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, mai zaburowa ya ja abin da ya kama zuwa ciki. Gaskiya ne, a 2007 wasu masana a Kalifoniya suka nuna haka. Hajiya ko ta kansa ba ta bi ba. Bakin take kallo, yana buɗewa yana rufewa.

"To me ya sa yake ta wage baki haka? Faɗa yake nema?"

Na ce a'a Hajiya, numfashi yake. Ramukan numfashinsa ƙanana ne, dole ya riƙa jan ruwa ta baki. Idonsa ma ba ya gani sosai, da hanci yake neman abinci. Yini yake a rami, sai dare ya fita.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Allah sarki. Ashe numfashi kawai yake. Shi kaɗai a wurin?"

Na ce yawanci shi kaɗai, amma akwai 'yar jatan lande da ke shiga har cikin bakinsa ta share masa haƙora, kuma ba ya cinye ta.

"To, da sauƙi. Yana da mai leƙa shi."

Maganar nan ce ta hana ni barci. Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam. Takaba ta ƙare tuntuni, amma Hajiya ba ta fitowa tsakar gida sai alwala. In na shiga na tarar da fuskarta a ɗaure, sai in ajiye kwano in fito. Har wa Anti Bilki na faɗa cewa ina jin fushi take da ni, ban san laifin da na yi ba. Ɗazu na zauna ina lissafin rabon da in zauna ɗakinta ba don aiki ba, na kasa tunawa. Ita ce fa ta yi mini wankan jegon Khalil da hannunta, kwana arba'in cur.

Ummi ta yi barci ba ta sha maganin tarinta ba. Gero saura tiya ɗaya.

Har yanzu ina jiyo Hajiya da Khalil ta bango. Ta ce ya maido mata wurin da jatan landen ke shiga bakin.