Godiya ga iyayenmu masu mazari da duk wanda ya zo

Assalamu alaikum. Sai yau na samu na zauna, muryar ma ba ta gama dawowa ba. Taron nuna kaɗi da saƙa da rini da muka yi ranar Asabar a cikin birnin Katsina ya tashi lafiya, alhamdu lillahi. Kuɗin kayan da aka saya za su tafi inda muka yi alkawari, wato rajistar 'yan matan da karatunsu ke neman tsayawa. Ma'ajiyarmu na gama lissafi zan sa shi a nan kowa ya gani.

Godiyar farko ta iyayenmu mata ce, su uku, da suka zo da taskirarsu. Ranar da na je gayyatar Gwaggo dariya ta yi mini, ta ce, "Ke ɗiyar nan, wa ya damu da mazari yanzu?" Rabonta da kaɗi tun kafin a aurar da autarta. Amma da ta zauna bisa tabarma ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin cikin 'yar tasa, sai ga zare yana fita daga sutu, wato shiɓaɓɓiyar auduga, siriri, ko sau ɗaya bai tsinke ba. Wata ɗaliba ta karɓa ta gwada, tana ja yana katsewa. Gwaggo ta ce mata, "Ba ja ake ba, lallashi ake." Kafin la'asar yarinyar ta fitar da abawa, wato kakkauran zare, mai gargada, ta naɗe ta sa a jaka kamar ta tsinci zinari.

Allah ya saka wa ɗan'uwanmu da ya aiko da auduga daga Malumfashi, da irinta a ciki yadda muka roƙa. Shi ya sa yara suka ga yadda ake gurza a kan magurji da yadda ake shiɓa da baka. Inna ma ta yarda aka ɗauko masaƙarta aka jingina da bango, ta kusa kai gwado rabi a gaban jama'a. Da yawa sun ɗauka saƙa ta maza ce kawai, mai fitar da ƙwarya siririya da ake haɗawa a ɗinka riga. Ranar suka san mata na da tasu mai faɗi.

Baba marini, ranka shi daɗe, mun gode. Karofi ba ya ɗaukuwa, sai ya haɗa ganyen baba da toka a babbar tukunya kwanaki kafin taron don ya nuna. Ya tsoma farin ƙyalle ya fito da shi kore, yana shan iska yana komawa shuɗi. Wani yaro ya rantse dabo ne.

Sai ɗalibai mata na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da suka wuni a durƙushe da waya suna naɗar hirar tsofaffin nan. Ku ne kuka fi faranta mini. Muna karanta Daurama, muna karanta Nana Asma'u, kuma ya kamata. To amma matar da ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki da kuɗin zare, daga tasa har kwanukan jere, tana cikin kulle ba ta taka kasuwa ba, ina aka rubuta ta? Ko kalmar lefe da muke ta rigima a kanta, asalinta kwandon kaba ne. Idan lokacin kundin digiri ya zo, don Allah ku tuna da wannan hirar, kada ta mutu cikin waya.

Ina ba da haƙuri ga waɗanda suka sha rana da safe. Mai rumfunan da muka biya bai iso ba sai bayan azahar. Na bar shi da Allah. Matasan unguwa da suka ɗebo tabarmi suka mai da mu ƙarƙashin dalbejiya, Allah ya yi muku albarka.

Akwai kuma wadda ta tafi da mazarin Gwaggo. Gwaggo ta ce a bar mata shi, sai dai ranar Juma'a ta kawo abin da ta kaɗa a duba.