Strcpy ba abin wasa ba ne

'Yan uwa masu koyon harshen kwamfuta na C a nan Samaru, don Allah ku rage dogaro da strcpy, umarnin da ke kwafar rubutu daga wani wuri zuwa wani a memori, ba ya duba girman wurin da zai zuba rubutu, in rubutun ya yi yawa sai ya malala ya taka memorin da ke kusa, ta nan masu kutse ke shigowa wallahi. Shi ma strncpy, ɗan uwansa da ake ba iyakar girma, in rubutu ya cika wurin ba ya sa '\0', alamar da ke nuna inda rubutu ya tsaya, a ƙarshe. Ni dai gara in rubuta nawa irin strlcpy na manhajar OpenBSD, ya karɓi girma ya rufe da '\0'. Wajen gwaji ku ba shi rubutu fanko, da wanda ya cika daidai, da wanda ya wuce da harafi ɗaya, ku kunna -fsanitize=address a gcc, manhajar da ke harhaɗa lambobin C, don ya kama malalar.