Wasiƙa daga Holand: Ba kowane ɗan'uwan dabino ne yake son rana ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga yankin Westland na ƙasar Holand, inda nake aiki a wani gidan gilashi da ake renon tsirran ado. A zuwana gida na bara, na ga masu sayar da fulawa a bakin titunan Abuja da Kano sun jera ƙananan itatuwa dangin dabino a cikin baƙar leda, jama'a kuma suna saye. Na kuma ga da yawa daga cikinsu sun ƙone ƙurmus a tsakar gidajen dangi da abokan arziki, abin da ya sa na ga ya dace in faɗi ɗan abin da na koya.

Mu da muka tashi muna ganin goruba da giginya a fili fetal, rana tana dukansu tun safe har la'asar, mun ɗauka duk danginsu haka suke. Nan ne kuskuren yake. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a ɗakunan Turawa, mai suna Chamaedorea elegans, asalinsa dazuzzukan kudancin Meziko da Guwatamala ne, inda yake tsirowa a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, rana ba ta riskarsa sai ta tsakanin ganyaye. Saboda jure wa ƙarancin haske ne ma mutanen Ingila suka mayar da shi abin ado na falo tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Idan aka ajiye shi a ranar watan Afrilu ta Sakkwato, ganyensa zai yi fari, sannan ya bushe kamar kabar da aka shanya. Wurinsa shi ne baranda, ko zaure mai taga, ko gindin mangwaro.

Wanda ya fi shi jure wa rana shi ne gajeren dabino, Phoenix roebelenii, ɗan asalin gaɓar kogunan Lawos da Biyetnam da kudancin Sin. Da wuya ya wuce mita 3, yana da mace da namiji kamar dabinonmu, sai dai 'ya'yansa ƙanana ne, kusan duk ƙwallo. A kula da ƙayar da ke gindin zarɓarsa, domin ta sha huda mini yatsa duk da safar hannu.

Ban ruwa kuwa ya fi rana kisa. Na farkon da na saya wa ɗakina, kullum da asuba sai na zuba masa kofi guda, ina ganin gata nake yi masa. Bayan wata biyu ganyen ƙasa ya fara rawaya, ni kuma na ƙara ruwa. Ranar da na zazzage tukunyar, sai wani wari ya bugi hancina, saiwoyin sun yi baƙi, suna lugwigwicewa a tsakanin yatsuna. Tun daga nan nake tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya, idan na ji danshi in haƙura sai wata rana. Lallai tukunya ta zama mai huda a gindi, ƙasar kuma a cuɗa ta da rairayi da ɓuntun shinkafa da ɗan ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A ganina tukunyar yumɓu irin tamu ta fi ta roba, tunda tana fitar da danshi ta jikinta kamar yadda randa take yi.

Abin da na'urar ɗumama ɗaki take yi musu a nan lokacin sanyi, shi hunturu zai yi musu a gida: iska ta bushe, bakin ganye ya ƙone, sannan wasu ƙwari ƙanana ƙwarai su yi saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganyen. Maganinsu shi ne a riƙa wanke ganyen gaba da baya, a kuma haɗa tukwanen wuri guda nesa da bugun iska. Idan ruwan burtsatsenku yana barin farin gishiri a bakin tukunya, a tari ruwan sama da damina, a kwarara shi sosai har ya fita ta hudar.

Sai kuma batun yanka, wanda masu gyaran fulawa suka fi yin ganganci a kansa. Kowace sanda ido ɗaya tak take da shi a can ƙololuwa, daga nan duk sabon ganye yake fitowa, kuma idan aka sare shi sandar ta mutu ke nan, ba za ta yi tofo kamar darbejiya ba. Busasshen ganye kaɗai ake cirewa. Cunkoson da kuke gani a tukunyar Chamaedorea kuwa ba reshe ba ne, iri ne da yawa aka shuka tare, kuma irin yakan ɗauki watanni kafin ya tsiro, don haka wanda ya shuka kada ya yi saurin zubar da ƙasar.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ɗan'uwanku a Holand.